Jan Layi da Baƙin Layi

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Iska daga gabas, kaɗan. Ɗankwalin da ke kan igiyar shanya yana motsi amma bai ɗaga ba. A ƙiyasina mita biyu a sakan.

Masu zuwa gaisuwa sun ragu. Jiya mutum uku, yau har yanzu ba kowa. An mayar da kujerun da aka aro. Maƙwabcina Tela ne ya kwashe su, ni kallo na yi.

Wannan littafi ragowar na aiki ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna iska a tashar kan dutse, ƙarfe tara da ƙarfe uku, kullum. An rufe tashar tuntuni, amma hannu ya saba. In tara ta yi sai ya nemi alƙalami.

Litinin, ƙarfe uku

Iska ta tsaya. Na haɗa shayi kofi biyu. Na zubar da ɗaya.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe tara

Gabas, kamar mita uku.

Auta ta kira jiya da la'asar. 'Yata ce ta ƙarshe, injiniya ce, a babban birni take zaune. Ta ce, "Baba, ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Me ka ci?" Na ce abinci. Sai ta koma maganar aiki, don mu biyun nan ne kawai muka iya magana da juna.

Kwamitin garinmu ya ɗauke ta ta zaɓa musu injin iska da za a kafa a kan dutse, ya ba ƙaramin asibitinmu wuta. Mutane fanka suke ce masa. Iri biyu ne a gabanta. Akwai babba, wanda ba ya fara juyi sai iska ta kai mita huɗu, kuma ba ya ba da wutar kirki sai ta yi ƙarfi sosai. Akwai ƙarami mai dogayen fukafukai, wanda ke tashi tun daga biyu da rabi. Kuɗin da gari ya tara na guda ɗaya ne, ba a yi sau biyu. Ran Alhamis 28 ga wata za a sa hannu.

Ta ce sandar awo da suka kafa bara ta ba su matsakaicin huɗu da rabi. "Amma shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, Baba. Shi ya sa littattafanka suka zame mana zinariya. Guda taran nan da gara ta bari, da na haɗa su sai na samu biyar da ɗigo huɗu. Ka ga ashe bara ce aka yi rowar iska. Babban za mu ɗauka."

Na ce to.

Ta ce, "Shekaru biyun nan na littafi na huɗu da na biyar, me ya faru? Kusan tara fa suke bugawa."

Na ce iska ce.

Ta ce, "Haka dattawan kwamiti suka ce, wai har rufin makaranta ya taɓa yayewa." Rufin makaranta ya yaye, gaskiya ne. Amma shekara shida bayan nan ne.

Laraba, ƙarfe uku

Ban duba ba.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe tara

Arewa maso gabas, mita huɗu. Ɗankwalin ya ɗaga rabi.

Tela ya shigo da kwano a hannu. Ya ce, "Sarkin Iska, yau ina ta nufa?" Na gaya masa. Ya ce, "Duk garin nan kai kaɗai gwamnati ta biya albashi shekara talatin a kan iskanci, har da fansho." Shekara arba'in yake mini wannan ba'ar. Da can akwai mai yi masa dariya daga kicin. Yau ya faɗa, ya saurara, sai ya kama gyara murfin kwano.

Da zai fita ya dubi igiyar ya ce, "In cire maka wancan? Rana za ta cinye shi." Na ce ya bar shi, da shi nake awo.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe uku

Na je karɓar maganin ƙafa a asibiti. Ban bi ta doguwar barandar ba, na zagaya ta bayan ɗakin awo. An ɗauke wuta ina tsaye a layi. Mai ba da magani ta buɗe firji ta rufe da sauri, ta ce, "Kullum ke nan." Na ji injin numfashin nan na ɗaki na biyu ya yi ƙarar da yake yi in zai tsaya. Na san ƙarar. Na fito ban karɓi maganin ba.

Lahadi, 10 ga wata

Ba iska.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe uku

Gabas, mita biyar, tana zuwa tana yankewa.

Shugaban kwamiti ya zo da mutumin kamfanin da ke sayar da babbar fanka. Mai ƙyallin takalmi ne, bai zauna ba sai da ya share kujera da hankici. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Baba, irinku sun ƙare. Na duba littattafan nan, ko rana ɗaya ba a yi wasa ba." Ya ce za su manna allon ƙarfe a gindin fankar da sunana. Suka ɗora mini littafi na huɗu a cinya, suka ɗauki hoto.

Shugaba ya ce, "Malam, ka yi murmushi mana, kamar an kawo maka sammaci." Na yi.

Mutumin ya yi mini bayanin abin da na sani tun bai zo duniya ba: in iska ta ninka, wuta ba ninkawa take ba, sau takwas take tashi. Daga huɗu da rabi zuwa biyar da ɗigo huɗu, a ido ba komai ba ne, amma a wuta saura kaɗan ya zama ninki biyu. Ya ce, "Shekaru biyun nan su suka ceci aikin."

Bayan sun tafi na buɗe littafin. Lambar bakwai ta uwar Auta tana da 'yar ƙugiya a sama. Tawa ba ta da ita. Shekara arba'in ba wanda ya lura.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe tara

Gabas. Uku.

Kofi biyu kuma.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe tara

Zan rubuta shi a nan, tunda ba mai karantawa.

A shekara ta tara da fara aikina ciwon baya ya kwantar da ni. Wata huɗu a asibitin birni, sauran a kan tabarma, ko juyawa sai an juya ni. Da ofis ya sani da an sallame ni, kuma da aikin da gidan tare suke. Mai duba tashoshi ba ya zuwa sai a shekara uku sau ɗaya, don hanyar ba ta da kyau. Sai uwar Auta ta ce ita za ta riƙa hawa dutsen.

Ba ta yi makaranta ba. Ni na koya mata lambobi a farkon aurenmu, da gawayi, a bayan ƙofa, shi ya sa hannunta ya yi kama da nawa. Na yi mata bayani ina kwance: kofuna uku suna juyi a saman sanda, a ƙasa akwai akwati mai fuska kamar agogo, ki duba inda allura ta tsaya, ki rubuta. Ƙarfe tara da ƙarfe uku. Na manta ban gaya mata fuskar layi biyu gare ta ba. Baƙin layi na ciki shi ne namu, mita a sakan. Jan layi na waje ma'aunin matuƙan jirgi ne, lambarsa kusan ninki biyu. Jan ya fi girma, ya fi fitowa. Kowa ma shi zai karanta.

Shekara biyu tana hawa dutsen nan sau biyu a rana, da Auta a bayanta. Ita ke cika littafi, ita ke kwafe takardar wata ta kai gidan waya. A ofis ba wanda ya ɗaga gira. Ina jin ba wanda ya karanta.

Ranar da na fara hawa da sanda na buɗe littafin, kafin in kai ƙarshen shafi na gane. Ta tsaya a bayana tana haki, ta ce, "Yaya, na iya?" Na ce kin fi ni.

In na gaya wa ofis, na tona kaina. In na gaya mata, na ƙwace mata abin da ta fi alfahari da shi a duniya. Ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba, amma in muka yi saɓani sai ta ce, "Ni da na riƙe maka iska shekara biyu." A nan faɗan ke ƙarewa. Na ce a raina takardu ne kawai, za su ruɓe a wani ɗakin ajiya. Gara ta ci ashirin da biyu ta bar waɗannan.

Alhamis, ƙarfe uku

Akwai abin da na tsallake. Ita ce ta sa Auta ta ɗauki littattafan. A asibiti, ɗaki na biyu, kwana uku kafin ƙarshe. Ta ce, "Ku kafa babbar. Na san iskar dutsen nan." Auta ta yi dariya, ta ɗauka maganar mara lafiya ce. Uwarta ta dube ni ta kashe mini ido ɗaya.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe tara

Yamma, abin mamaki. Mita biyu.

Na ɗauki waya na ajiye. Sau uku.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe uku

Na ce bari in hau dutsen in ga sandar awonsu da idona. Na kai wajen tankin ruwa ƙafa ta ƙi. Na zauna a kan bulo. Daga nan ana hango ta, doguwa, siririya, da wayoyi sun ɗaure ta ta kusurwa huɗu, kofunanta suna juyi a hankali kamar ba sa so. Na ƙirga juyin. Huɗu ne, ko huɗu da rabi. Dutsen nan bai taɓa ba da fiye da haka ba sai a bakin hadari. Iskarsa ba ta da ƙarfi, naci ne da ita.

Mai kai gas a babur ya maido ni gida. Ya ce, "Baba, a wannan shekarun yawon me kake a rana?" Na ce aiki na je.

Talata, 19 ga wata

Ban tashi ba. Tela ya leƙo sau biyu.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe tara

Gabas, uku.

Na gwada lissafin a bayan takardar magani. In aka kafa babbar, a cikin kwana goma zai yi wuya ta yi aikin kirki kwana uku. Sauran za ta tsaya a kan dutse kowa yana ganinta daga ƙofar gidansa. Za a ce ga fankar Auta. Injin ɗaki na biyu zai ci gaba da yin ƙararsa.

Na san wannan tun ranar da Auta ta kira. Rubutawa ce ban yi ba.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe uku

Na tambayi Tela, in mutum ya ɗinka wa wani riga da awon da ba daidai ba, mai rigar bai sani ba, ya zai yi. Ya ce, "Wuyan rigar zai sanar da shi." Na ce in wanda ya ɗauki awon ba ya nan fa, kuma ba ka so a ga laifinsa. Ya ajiye almakashi ya dube ni. Ya ce, "Sarkin Iska, ni tela ne, ba alƙali ba. Amma wanda ba ya nan ba shi zai sa rigar ba."

Ya turo mini kwano. Ya ce in ci abincin tun da ɗumi.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe tara

Akwatin awon yana ƙasan kabad ɗinta. Da aka rufe tashar ni aka bar wa, ita ta naɗe shi a tsohon zani ta ajiye. Ban buɗe kabad ɗin ba tun ranar. Na tsaya a gabansa har tara ta wuce. Yau ban ɗauki awo ba.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe uku

Na buɗe. Ƙamshin yana nan.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta iso da azahar, da jakar kwamfuta da ledar lemo. Ta rame. Ta shiga ɗakin uwarta ta fito da sauri. Na ce ta zauna. Na ɗora akwatin a tebur, na buɗe littafi na huɗu a gefensa.

Na ce, "Karanta mini fuskar nan."

Ta duba. Ta ce, "Layi biyu ne." Ta dubi littafin. Ta sake duban fuskar. Ba sai na yi mata bayanin lamba ba, 'yar gida ce. Ta ce, "Baba, jan ka karanta? Kai?"

Na ce ba ni ba ne. Na nuna mata ƙugiyar bakwai. Sai na gaya mata duka, da bayan, da tabarmar, da gidan waya.

Ta miƙe ta je bakin taga. Ta ce, "Kwana biyu, Baba. Kwana biyu ya rage. Na tambaye ka da bakina, ka ce mini iska ce."

Na ce haka na ce.

"Rahotona yana hannun mutum goma sha biyu. Da sa hannuna."

Na ce na sani.

"To me ya hana ka?"

Na ce ban so a ce ta yi kuskure ba. Ba yanzu ba.

Ta baro bakin tagar. Sannan ta zauna ta buɗe kwamfuta, ba ta kalle ni ba. Na ji tana ta danne-danne. Ta raba kowace lamba ta shekaru biyun da ɗaya da ɗigo tara huɗu. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Shekara ta farko, huɗu da rabi. Ta biyu, huɗu da ɗigo huɗu. Layin ya kwanta a kan na sandarsu kamar an ɗora.

Ta ce, "Ba kuskure ta yi ba. Da wani yare ta rubuta."

Ta ci gaba da dubawa, shafi bayan shafi. Ta ce, "Kai a littattafanka bakwai akwai gurbi tamanin da wani abu. Ita ko ɗaya babu. Safe da yamma, shekara biyu. Ina take barina?"

Na ce ba ta barinki. A bayanta kike.

Ta rufe kwamfutar. Na tashi na haɗa shayi kofi biyu. An sha duka.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe uku

Gabas, huɗu.

Tun safe tana waya a tsakar gida. Na ji ta ce wa wani, "A'a, ba ja da baya ba ne, gyara ne." Ta ce in zauna gobe, ita za ta yi musu bayani, za ta ce ita ce ba ta tantance ba. Na ce littafina ne. Ta ce ƙafarka fa. Na ce Tela zai riƙe ni.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An yi a ɗakin taron asibiti. Dole muka bi ta doguwar barandar. Ban kalli ɗaki na biyu ba, amma na bi.

Na tsaya da sandata na faɗa. Bai ɗauki minti biyar ba, abin da na riƙe shekara arba'in. Na ce shekara biyu na ci albashi ina kwance, matata ce ta yi aikin, ni kuma ban koya mata daidai ba, da na gane na ɓoye. Na ce allon ƙarfen a bar shi.

Shugaba ya cire tabarau ya ce, "Haba Malam. Sai yau? Mun riga mun sanar wa gari babba za a kawo." Wani dattijo ya ce shi dai ya tuna rufin makaranta. Mutumin kamfani ya ce maganar tsoho mai jimami ba hujja ba ce, a bi takarda. Auta ta ɗora akwatin a gabansa ta ce, "Ga takarda, ga abin da aka karanta ta da shi. In kun yarda da biyar da ɗigo huɗu, ku rubuta mana a yarjejeniya cewa za ta ba da wutar da kuka faɗa, in ba ta bayar ba ku sauke ta ku ɗauka." Ya ce sai ya tuntuɓi ofis. Ya fita yin waya bai dawo ba.

Daga baya Tela ya ɗaga murya, shi da ba ɗan kwamiti ba: "Ashe duk shekarun nan Sarauniyar ce, mu muna ta gaida Sarki." Aka yi dariya, ba sosai ba. Mai ba da magani ba ta yi ba. Ta ce ita ba ruwanta da girma, wadda za ta riƙe mata firji kullum take so.

An ɗaga hannu. Takwas da huɗu. Ƙaramar mai dogayen fukafukai, a kan doguwar hasumiya, da batura. Shugaba bai yi mini sallama ba. Biyu daga cikin waɗanda suka zo mini gaisuwa sun wuce ni a ƙofa kamar ba su gan ni ba. Ban ji komai ba. Ko kuwa na ji, ban sani ba.

A hanya Auta ta ce a sabon rahoton za ta rubuta wanda ya ɗauki awon kowace shekara. Ta tambaye ni yadda ake rubuta cikakken sunan uwarta. Na tsaya a bakin titi na rubuta mata a tafin hannu.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe tara na safe

Auta ta tafi da motar farko. Ta roƙi ɗankwalin. Na ce ta bar mini shi zuwa ranar da fankar za ta fara juyi, in ya so sai in riƙa awo da ita. Ta ce wata biyar ne fa. Na ce zai kai.

Matata ta rasu ran Asabar, 19 ga watan jiya, a ɗaki na biyu, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ban rubuta ba sai yau.

Iska daga gabas, ba ta yankewa. Ɗankwalin ya ɗaga. A baƙin layi, uku. A nata, shida.